Tarihin Allurar Haukan Kare da Darasinsa ga Gidajenmu

A ƙauyukan Ɗanbatta, kare ba baƙo ba ne. Mafarauci yana fita da shi daji da rani, makiyayi yana barin sa gadin garke, kyanwa kuwa ita ke tsare rumbu daga ɓarnar ɓera. Sai dai kaɗan daga masu su ne ke tunawa cewa ɗan kwikwiyon da yara ke wasa da shi a tsakar gida yana da allurarsa ta rigakafi, wadda tarihinta ya haura shekara ɗari.

Kafin wannan allura, wanda ciwon haukan kare ya bayyana a jikinsa ba shi da makoma sai kabari. Ƙwayar cutar takan bi jijiya daga wurin cizon har ta isa ƙwaƙwalwa, sai majiyyaci ya firgita da ganin ruwa alhali ƙishirwa na cin sa. A ranar 6 ga Yuli, 1885, a birnin Faris na Faransa, aka kawo wa masani Louis Pasteur wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yayyage. Aka yi ta yi masa allurar da Pasteur ya daɗe yana gwadawa a kan karnuka, yaron kuwa ya rayu har ya manyanta.

Daga nan masana suka lura cewa jiran cizo ba dabara ba ce, gara a tare cutar a jikin karen. Wajen 1921 ƙasar Japan ta soma yi wa karnuka allura gaba ɗaya, kuma a ƙarshen shekarun 1950 ta rabu da cutar.

A ƙasarmu, an fara rubuta ciwon a jikin mutum a 1912, a jikin kare kuma a 1925. Ma'aikatar dabbobi da aka kafa a Zariya a 1913 ta koma Vom, kusa da Jos, a 1924. Ciwon bushiya na shanu ne ya fi damun ta a farko, kuma allurar da makiyaya suka karɓa ta taimaka har aka shafe shi daga doron ƙasa a 2011. Cibiyar ta Vom ɗin ce kuma ke sarrafa allurar karnuka. Shanu sun samu gata domin dukiya ne. Kare kuwa aka bar shi a baya.

Sakacin yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, yaɗuwar cutar takan tsinke.

Saboda haka, mai gida, idan kwikwiyo ko 'yar kyanwa ta kai wata 3, a kai ta wurin likitan dabbobi, a kuma riƙa sabunta allurar yadda ya tsara. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti ranar, ba tare da jiran alama ba. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani. A wannan ciwo, idan alamu suka fito, babu maganin ma.