Tarihin farkon gasar zakarun duniya ta tseren keke a kan titi

Gasar zakarun duniya ta tseren keke a kan titi ita ce ake yi kowace shekara don fitar da gwanin da zai sa riga mai launin bakan gizo har shekara ta zagayo. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a birnin Paris a shekarar 1900, ita ke shirya ta. Abu biyu suka bambanta ta da irin su Tour de France: a rana ɗaya ake farawa a gama, kuma kowa da sunan ƙasarsa yake shiga, yana ajiye rigar kamfanin da ke biyansa. Wannan tsari bai zauna nan take ba, sai da aka shafe kimanin shekara goma ana gwaji.

'Yan sha'awa ne suka fara

Tun 1893 ake fitar da zakarun duniya a tseren keke na cikin filin zagaye, amma na kan titi sai a 1921 aka fara shi, a birnin Kopanhagin na ƙasar Danmak. A lokacin an raba masu tseren keke gida biyu: 'yan sha'awa da ba sa karɓar kuɗi, da ƙwararru da keke ne sana'arsu. 'Yan sha'awa kaɗai aka yarda su shiga.

Tseren farko da agogo aka yi shi. Ana sallamar mutum ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci ƙaramin lokaci shi ne zakara. Tsawon hanyar kilomita 190 ne, kuma Gunnar Sköld na ƙasar Suwidin ya lashe. A 1922 aka kai gasar Ingila, inda 'yan gida suka kwashe matsayi ukun farko, Dave Marsh a gaba. Sai a 1923, a birnin Zurik na Suwizalan, aka saki kowa lokaci guda, Libero Ferrario na Italiya ya riga kowa isa.

Shigowar ƙwararru

Matsalar waɗannan shekarun ita ce, manyan gwanayen da jama'a suka sani duk ƙwararru ne, ga shi an bar su a waje. A watan Yulin 1927 aka buɗe musu ƙofa a Nürburgring, sabon filin tseren motoci mai hawa da gangara a ƙasar Jamus. An zagaya filin sau takwas, kimanin kilomita 182, ƙwararru da 'yan sha'awa a haɗe. 'Yan Italiya suka kame matsayi huɗun farko: Alfredo Binda, Costante Girardengo, Domenico Piemontesi da Gaetano Belloni. Jean Aerts na Beljiyam, wanda ya zo na biyar, shi aka ba kambun 'yan sha'awa.

A wannan shekarar ce aka fara ba zakara farar riga mai zane biyar a ƙirji: shuɗi, ja, baƙi, ɗorawa da kore. Binda ne ƙwararre na farko da ya sa ta. Daga 1928 aka raba tseren rukunonin biyu.

Italiya, Beljiyam da Faransa

Daga 1927 zuwa 1938 ƙasashe uku ne kaɗai suka ci kambun ƙwararru. Georges Ronsse na Beljiyam ya ci a 1928 da 1929. Binda ya sake ci a 1930 a Liège da 1932 a Rum, ya zama na farko da ya lashe sau uku. A 1931 an sake gwada tsarin agogo a Kopanhagin, Learco Guerra na Italiya ya ci, daga nan aka koma tashi tare.

Georges Speicher na Faransa ya haɗa Tour de France da kambun duniya a shekara ɗaya, 1933. Karel Kaers na Beljiyam ya ci a 1934 yana ɗan shekara 20. A 1935 Jean Aerts ya ɗauki na ƙwararru, ya zama na farko da ya riƙe kambunan biyu. Antonin Magne na Faransa ya ci a 1936, Éloi Meulenberg na Beljiyam a 1937.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Marcel Kint na Beljiyam ya ci a Valkenburg ta ƙasar Holan a 1938. Gasar 1939 da aka shirya a Varese ta Italiya ba ta yiwu ba saboda ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, don haka kambun ya zauna a hannunsa har 1946, lokacin da Hans Knecht na Suwizalan ya ci a Zurik.

Mata sun fara tasu gasar a 1958 a birnin Reims na Faransa, inda Elsy Jacobs ta Lukzambur ta zama zakara ta farko. Gasar ta fara fita daga Turai a 1974, zuwa Montreal ta Kanada, kuma a watan Satumban 2025 ta zo Afirka a karon farko, a Kigali, babban birnin Ruwanda.