Gyaran Gida a Ƙarshen Hunturu: Gadon Magina da Gadon Fatake



Sanyi ya fara sassautawa. Dararen Janairu da kan tilasta wa mutum haɗa bargo biyu sun wuce, kuma nan da 'yan makonni iskar gibli za ta taso daga kudu da zafinta da rairayinta. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar tazara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Maris, wadda a cikinta ne mai hangen nesa ke juya ɗakinsa, ya fitar da abin fitarwa, ya gyara abin gyara. Wannan aiki yana da dogon tarihi a wurinmu, kuma ta hanya biyu muka gaje shi: ta hannun magina da ta hannun fatake.

A ƙasar Hausa ruwan sama ne ke tsara shekarar gida. Idan hunturu ya juya baya, bazara ta kunno kai, kowane mai gida a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne kafin hadarin farko. Ginin tubali da rufin azara ba su jure sakaci. Sai a hau soro a duba inda ya tsage, a sabunta yaɓe, a buɗe indararo, a ɗaga zankon da damunar bara ta cinye. Magina sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su shafe bango da ita don ruwa ya zame. Masu hali kuwa sukan sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi hikimar da ke nan: abin da marina da majema suka zubar, shi ne ke kare gidan attajiri. A karkara kuma lokacin ne na sabunta jinka da shuci, da ɗaura sabuwar zana a danga, da share rumbu.

Cikin gida aikin mata ne. Su ke fitar da jere, su wanke tasoshi da kwanoni, su shanya shimfiɗu a rana, su shafe ɗaki da farar ƙasa. Idan daɓe ya farfashe sai a kira gayya, maƙwabta su taru da madaɓai, ana aiki ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. Kayan da aka gaji da su ba su kwana a lungu: dillaliya tana nan, ta ɗauka ta zaga gida gida har ta samo musu mai so. Ita kanta shara tana da inda za ta. A da, da rani jakuna kan fita ƙofofin Kano da mangaloli cike da toka da juji zuwa gonakin da ke kewaye da birni, wannan takin kuwa yana daga cikin abin da ya sa ake noma waɗannan gonaki kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Gida ya yi sauƙi, gona ta ƙoshi.

Abin bai tsaya a gidajen talakawa ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da gyaran gayya ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Da aka daina fita gyaran, kowa ya ga yadda ta koma. Daga baya, a zamanin En'e, aka zo da duba-gari, masu leƙa randa da kwata da masai, har tsafta ta koma abin da ake yi don tsoron tara. Amma tun kafin duba-gari kakanninmu suke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan shi ne gadon magina. Ma'anarsa a taƙaice ita ce: wanda ya yaɓe bango ya shaida wa duniya cewa yana nan baɗi.

Gado na biyu ya fi kusa da ƙasar da muke takawa yau. Tun kafin Sabha ta zama babban birnin Fazzan, Murzuk ce cibiya, kuma ayarin da ke tsakanin Tarabulus da ƙasar Hausa da Barno ko dai ya ratsa ta, ko ya bi ta Gadamas da Gat. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bar Tarabulus a Maris 1850, ya sauka Murzuk a Mayu, ya bi ta Gat da Agadas, bai shiga Kano ba sai Fabrairu 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus. Tare da turkuɗi akwai kirgi da gashin jimina da hauren giwa. Akwai kuma mutane. Ba za mu ɓoye wannan ba: da yawa daga masu jin Hausa da suka fara zama a Fazzan a ɗaure aka kawo su, babu abin da suka mallaka sai harshensu. Daular Usmaniyya ta haramta cinikin bayi baƙar fata a 1857, amma an daɗe ana yinsa a ɓoye bayan haka. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa zai tuna cewa ta Murzuk mahaifiyar Umar ta bi wajen neman ɗanta.

Shi bafatake dokar kaya ya sani, ba dokar bango ba. Raƙumi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo 150 a doguwar tafiya, kuma a cikin wannan nauyi dole a bar wa salkar ruwa da guzuri wurinsu. Saboda haka kowane zango wurin tantancewa ne. A kwance kaya, a duba abin da ya lalace, a sayar da abin da ya yi nauyi, a ba da abin da ba zai kai gaba ba. Madugu ba ya jiran mai tarkace. Su ma suna da kalandarsu: ayarin gishiri kan tashi daga Azbin wajen Oktoba zuwa Fashi da Bilma, ya gangaro ƙasar Hausa ya yi rani, sa'annan ya koma arewa kafin damuna. Sauyin yanayi a wurinsu umarni ne na ɗaure kaya.

A shekarar 1911 abubuwa biyu suka faru: layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus. Kayan da ke ratsa Sahara suka juya zuwa teku, ayari ya yi ta ƙanƙancewa, Murzuk ta dushe. Italiyawa suka kafa sansaninsu a kan tudun Sabha, Faransawa suka karɓe Fazzan a 1943 suka riƙe har Libiya ta sami 'yanci a Disamba 1951. Garin da asalinsa ƙauyuka uku ne, Jadid da Gurda da Hajara, ya zama birni. Hanyar kuwa ba ta mutu ba, mota ce kawai ta maye gurbin raƙumi: Agadas, Dirku, Tummo, Gatrun, Sabha.

Mutanen Fazzan da muka tarar suna da nasu gyaran na ƙarshen sanyi. A wannan lokaci ne manomi ke hawa dabinonsa, ya sare busassun rassa, ya cire ƙaya, ya yi masa barbara. Rassan da aka sare su ne shingen gona da inuwar rumfa, kututturen da ya faɗi shi ne azararsu. Gidajen tsohuwar Gadamas, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, da sabunta farin shafe suke riƙe haskensu da sanyinsu. Ashe da su da mu ilimi ɗaya muke da shi, itacen ne kawai ya bambanta: su dabino, mu giginya.

To, ina muka tsaya a yau? Gaskiya mai ɗaci ita ce da yawanmu mun saki gadon biyu a lokaci guda. Ba mu gyara gida kamar mazauna, domin muna cewa haya ce, kuma baɗi za mu koma. Ba mu kuma rage kaya kamar matafiya, domin kowane tsohon firji da katifa da buhun tufafi muna cewa tsaraba ce ta ranar komawa. Baɗi ta zo ta wuce sau goma, yaran da aka haifa a Mahdiyya da Manshiyya da Gurda sun shiga makaranta, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, amma har yanzu suna kwana a gefen kwalayen da ba a taɓa kwancewa ba. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓar da ta shekara goma a wuri ɗaya ya kamata ta sake duba sunanta.

Wannan ba maganar ado ba ce kawai. Da zafi ya shigo kunama ke fitowa, kuma kowa a kudancin Libiya ya san abin da harbinta ke yi wa ƙaramin yaro, ya kuma san maganin dafinta ba kullum ake samunsa ba. Tarin kwali da katako da tsofaffin takalma a tsakar gida masauƙinta ne. Wayoyin wuta da hita ta gasa duk tsawon hunturu su ne za a ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki da rani. Tankin ruwan da ke kan soro, idan murfinsa bai zauna ba, gibli za ta cika shi da ƙasa. Kada kuma ƙarancin ruwan sama ya ruɗe mu. Kano kan sami sama da milimita 700 a shekara, Sabha kuwa ba ta kai 20 ba, shi ya sa ba wanda ke duba indararo a nan. Amma ambaliyar da ta auka wa Gat a Yuni 2019, ta raba dubban mutane da muhallinsu, ta nuna cewa ruwan hamada idan ya tashi zuwa ba ya sallama.

Abin yi a bayyane yake, kuma kakanninmu sun riga sun tsara shi. A fitar da komai tsakar gida rana guda, a kasa shi uku kamar yadda ake yi a zango: abin amfani, abin sayarwa, abin bayarwa. Tsarabar da ta haura shekara biyu a ɗaure, ko a aika ta da motar da ke sauka Agadas, ko a sayar a aika kuɗin, domin na gida sun fi bukatar ta yau fiye da ranar da ba mu san zuwanta ba. A wanke barguna a shanya, wanda ya yi yawa a tara shi wurin limami ko shugaban al'umma, saboda hunturu mai zuwa wani ɗan uwanmu zai sauko daga bayan mota da riga ɗaya a jikinsa. A toshe tsagar bango ko da na haya ne, tunda ɗanmu ne ke kwana a gindinsa ba ɗan mai gida ba. A kuma dawo da gayya: gidaje biyar idan suka haɗa hannu, Juma'a biyar ta ishe su, yara kuma su ji sunayen abubuwa da Hausa suna ganinsu da ido.

Ko zama ne rabonmu a Fazzan ko komawa, Allah Shi kaɗai Ya sani. Mai zama yana bukatar bango mai kyau, mai tafiya yana bukatar kaya mara nauyi, kuma kwana biyu na aiki kafin gibli ta taso za su ba mu duka biyun.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya tsare mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta dama a kan wannan hanya.