Iskar CNG: Mece ce, kuma wace mota take yi wa amfani?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, maganar CNG ta cika tashoshin mota da kasuwannin kara. Mu a nan Kachalla Sembe da ke Jalingo, duk wanda ke loda shanu zuwa Kudu ya san kuɗin tirela ya fi komai cin riba, shi ya sa ake ta tambaya a kanta.

Sai an fara bambancewa, domin abu uku muke kira "gas". Akwai man gas, wato dizal da tirela ke sha. Akwai gas ɗin girki. Sai CNG, iskar da ake haƙowa daga ƙasa, a matse ta cikin tukunyar ƙarfe mai kauri har matsinta ya kai kusan ba 200. Ba a sayar da ita da lita, da ma'aunin SCM ake aunawa, kuma SCM ɗaya na yin tafiyar kusan lita ɗaya ta fetur.

Ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Kamfanin NIPCO ya daɗe yana sayar da ita a Benin, kafin gwamnatin Tinubu ta kafa shirinta na CNG a 2023.

Motar fetur ita ce mai sauƙin juyawa. Ana sa tukunya a but, a bar tankin fetur yadda yake, in gas ya ƙare direba ya danna maɓalli ya koma fetur. Ta fi fetur araha, hayaƙinta ma kaɗan ne. Sai dai tukunya na cin wurin kaya, ƙarfin mota kan ɗan ragu, kuma cika ɗaya ba ta kai ka inda tanki zai kai ka.

Tirela fa daban ce. Injin dizal ba shi da fulogi, don haka ko dai a haɗa masa gas da dizal su yi aiki tare, ko a sayi motar da aka ƙera don CNG, irin guda 4,000 da matatar Dangote ta sanar a 2025.

Babbar matsalar ita ce wurin sha. Gidajen CNG sun fi yawa inda bututun gas ya bi, kamar Legas, Ogun da Benin. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, bai biyo ta Taraba ba. Direban da ya taso daga Iware ya bi ta Wukari zuwa Lokpanta ba zai tsaya neman gas da shanu a rana ba, domin jinkiri kaɗan sai a yi asarar sa.

To, ɗan'uwa mai tasi, bas ko a-daidaita-sahu a Agege ko Sabon Ibadan, in akwai gidan gas kusa da kai, lissafin na iya fita. Amma ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan CNG a Benin, aka gano tukunyarta haɗin mai walda ce. Tukunyar girki ma ba ta ɗaukar wannan matsi, kar a gwada.