Lambun Zakuna na Suzhou

Lambun Zakuna, wanda Sinawa ke kira Shizi Lin, tsohon lambu ne a birnin Suzhou na lardin Jiangsu a ƙasar Sin. Faɗinsa hekta ɗaya ne da 'yan kai. Abin da ya fito da sunansa shi ne tudun duwatsun da ke cikinsa, mai koguna da lunguna. Bazazzagin da ya saba hango dutsen Kufena daga wajen Ƙofar Kuyambana zai yi mamaki a kira wannan tudu dutse, domin mutane ne suka ɗauko duwatsun ɗaya bayan ɗaya suka jera da hannu.

An kafa lambun a 1342, zamanin daular Yuan. Almajiran wani malamin addinin Buddha, Tianru Weize, su ne suka sayi filin suka gina masa wurin kaɗaita don ibada. Shi kuma ya raɗa wa wurin suna don tunawa da malaminsa Zhongfeng, wanda ya zauna a Dutsen Zaki na tsaunin Tianmu. An kuma ce duwatsun sun yi kama da zakuna, ko da yake sai mutum ya ƙura ido sosai kafin ya gan su.

Daga tafkin Taihu aka kawo duwatsun. Dutsen farar ƙasa ne da ruwa ya daɗe yana ci har ya huhhuda shi, kuma gwargwadon yawan ramukansa, gwargwadon darajarsa a wurin masu lambu. An shirya hanyoyi 9 da koguna 21 don su ɓatar da baƙo da gangan. Mutum zai hau, ya sunkuya, ya ɓulla inda bai zata ba. Sai ka ji muryar abokin tafiyarka kusa da kai, har ka hango shi ta wani rami, amma kafin ku haɗu sai kun sha zagaye.

Shahararren mai zane Ni Zan ya zana lambun a 1373, abin da ya ƙara masa daraja. Sannu a hankali wurin ya kuɓuce daga hannun masu ibada ya koma hannun masu mulki da attajirai. Sarki Kangxi ya ziyarce shi a 1703. Jikansa Qianlong ya zo sau da dama, ya kuma sa aka kwaikwayi lambun a fadarsa ta Yuanmingyuan da kuma a Chengde. Ba kowa ya yaba ba. Marubuci Shen Fu, ɗan Suzhou, ya kushe tudun, yana ganin tarkace ne kawai marar kwarjinin dutse na gaske. Yana da hujja, domin wurin ya fi kama da filin wasan ɓuya fiye da wurin tunani.

Bayan lambun ya lalace, attajiri Bei Runsheng, mai fataucin rini, ya saye shi a 1917, ya kammala gyara a 1926. Daga danginsa ne aka sami mai tsara gine-gine I. M. Pei, wanda ya yi dalar gilashi ta Louvre a Faransa, kuma ya yi wasa cikin waɗannan duwatsu yana yaro. Bayan 1949 lambun ya koma hannun gwamnati, aka buɗe shi ga jama'a, sannan a 2000 UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mai niyyar zuwa ya guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, domin lungunan na cika maƙil.