Tarihin Ƙananan Kalmomin da Ke Gaban Suna a Turanci

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci nahawu, ko da bai wuce Ajurrumiya ba, ya san bambancin ma'arifa da nakira, ya kuma san aikin alif da lam. Amma Turawan Ingila, waɗanda da wuya su furta jumla biyu ba "the" ko "a" a ciki, sun daɗe ƙwarai kafin malamansu su ba waɗannan kalmomi haƙƙinsu.

Ita "the" asalinta ismul ishara ce. A tsohon Turanci, kafin mutanen Normandi su ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmar nuni tana sauya siga gwargwadon jinsi da adadi da i'irabi, wato "se" ga muzakkar, "seo" ga muannas, da wata ta uku ga abin da ba namiji ba kuma ba mace ba. Da i'irabi ya yi ta zubewa daga ƙarshen kalmomi, sai sigogin nan suka narke suka koma guda, har ga shi a littafin tarihin da ruhubanawan Peterborough suka rubuta, wanda ya tsaya a 1154, sabuwar sigar ta riga ta kama wuri. "An" kuwa ƙidaya ce, ma'anarta ɗaya, harshe ne ya yar da nun ɗinta in baƙi ya biyo ta. Wani lokaci ma iyakar kalmomin ta rikice wa masu magana, shi ya sa "a napron" ta zama "an apron".

Jinkirin malamai yana da dalili, kuma a ganina ba ƙaramin kuskure ba ne: sun auna harshensu da mudun Latin, alhali Latin ba shi da harafin ta'arifi ko kaɗan. William Bullokar, mai nahawun Turanci na farko a 1586, turbar Latin ya bi. Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795 sun ware wa "the" da "a" babi, sai dai 'yan uwansu, irin su "this" da "my" da "every", an bar su warwatse tsakanin sifa da lamiri.

A 1933, cikin littafinsa mai suna Language, Leonard Bloomfield na Amurka ya tara su ƙarƙashin laƙabi ɗaya, bisa hujjar da kowane ɗalibi zai iya jarrabawa da bakinsa: dukansu mazauni ɗaya gare su a gaban suna, in ɗaya ta shiga ɗayar ba ta da wuri, don haka ba a cewa "the my book".