Rawani a Matsayin Alama: Daga Gimbana zuwa Akwatin Talabijin

A wasannin kwaikwayo na talabijin masu ɗaure kai, waɗanda ake ɓoye mai laifi sai ƙarshe, akan maimaita wasu alamomi don mai kallo ya bi sawu. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 1435 B.H., wato 2014, masu kallo a Jega da Aliero da Maiyama sun ƙara sabawa da wannan dabara. Ɗaya daga cikin alamomin ita ce rawani, kuma akasari akan ɗauka sarauta kurum yake nufi. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan fassara ba.

Sarkin Gobir Nafata ya yi shela ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin da su ake gane jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ashe a wancan zamani rawani alamar bijire wa sarki ce. Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana, kusa da inda Jega take a yau. A 1803, zamanin Yunfa, Gobirawa suka faɗa wa garin, suka kwashi bayi. Ƙwato waɗannan bayi a kusa da Ɗagel na daga cikin dalilan hijira zuwa Gudu a 1804.

Da jihadi ya yi nasara sai ma'anar ta juya: masu rawani suka zama masu mulki. Shi kuwa Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware, ya rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820. Wato cikin kimanin shekara ashirin, gida ɗaya ya ga rawani a matsayin laifi, ya kuma gan shi a matsayin iko.

Saboda haka mai nazarin wasan kwaikwayo bai kamata ya yanke wa alama ma'ana ɗaya ba. Rawani yakan nuna malami, ko basarake, ko macucin da ya fake da amawali. Wajibi ne a duba wanda ya naɗa, da irin naɗin, da abin da ya biyo bayan kowace fitowarsa. Malamin da ya koya wa ɗalibai cewa rawani sarauta ce kawai, ya raba su da tarihin Gimbanawa, ya kuma sauƙaƙa wa marubucin wasa ɓad da su.