Jar Akuya da Sunan da Aka Ba Maroko

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, fatar jar akuyar ƙasarmu, irin wadda muke kiwo har yau a Boɗinga da Shagari, ta riga ta shiga duniya. Majema su jeme ta, fatake su ɗora wa raƙuma su ratsa Sahara. Da ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, sai aka raɗa mata suna fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1924, a baje kolin Daular Birtaniya a Wembley ta Landan, an gina gari mai ganuwa irin na ƙasar Hausa, aka kai masu sana'a daga Afirka ta Yamma suna aiki gaban 'yan kallo. An yaba hannunsu, amma cinikin fata ya ci gaba da zama hannun kamfanonin Turawa.

Har yau fatunmu na bi ta majemun Kano zuwa Italiya, yayin da dukawanmu ke neman masu saye. Baje kolin da zai ciyar da baduku shi ne wanda zai tsaya kan kayansa da kansa, da sunansa da na garinsu, ya yanka farashi, kuɗin su faɗa aljihunsa.